Tabkin Kivu: Baƙi Na Zuwa, Amma Wa Ke Cin Ribar?

Jama'a, a duk lokacin da aka tayar da maganar yawon buɗe ido a ƙasar nan, abin da ake fara nuna mana shi ne zanen otel mai hawa-hawa, tare da alƙawarin cewa baƙi za su zo da kuɗi su zuba mana. Mu kuwa da muke wuni a rumfa muna ƙirga dala-dala, tambayarmu guda ce: idan baƙin sun zo, mene ne rabon mai tumatur, da mai soyayyen kifi, da ɗan kabu-kabu? Domin amsa wannan tambaya ba sai mun yi ta hasashe ba, akwai inda aka riga aka gwada abin a nan Afirka, wato yankin tabkin Kivu da ke tsakanin ƙasar Ruwanda da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. A ganinmu abin da ya faru a can ya nuna cewa ƙasar da ba ta gyara wa ƙananan ƴan kasuwarta hanya ba, ko da ta cika bakin ruwa da otel-otel, talakanta kallo kawai zai sha.

Bari mu fara da bayanin wurin, tun da yawancinmu a rediyo kawai muke jin sunansa, kuma galibi cikin labarin yaƙi. Kivu tabki ne da Allah ya ɗora a bisa tsaunuka, tsayinsa daga doron teku ya kai kimanin mita 1,460, alhali Yamai ba ta wuce mita 200 da ƴan kai ba. Wannan tsayi ne ya sa, duk da kusancinsa da tsakiyar duniya inda rana ke da ƙarfi, iskarsa take da sanyi-sanyi duk shekara. Tsawonsa daga arewa zuwa kudu kusan kilomita 90 ne, kamar tafiyar Maraɗi zuwa Katsina ke nan, zurfinsa kuma a wani wuri ya kusa mita 480. Ruwansa yana fita ta kogin Ruzizi ya gangara kudu zuwa tabkin Tanganika. A tsakiyarsa akwai babban tsibiri mai suna Idjwi, a ɓangaren Kwango, inda mutane sama da dubu 200 suke noman rogo da ayaba da abarba da kofi. Wani abin da ya ƙara jawo masa baƙi shi ne babu kada babu dorina a cikinsa, don haka ana wanka a bakin gaɓa hankali kwance.

Garuruwan da suke bakin tabkin biyu-biyu suke, kamar tagwaye, iyaka ce kawai ta raba su. A arewa akwai Goma ta Kwango manne da Gisenyi ta Ruwanda, wadda yanzu aka fi kira Rubavu. A kudu akwai Bukavu ta Kwango tana fuskantar Cyangugu, wato Rusizi, gada ce a tsakaninsu. A tsakiyar gaɓar Ruwanda kuma akwai Kibuye, ko Karongi. Tun zamanin mulkin Turawan Beljiyam suka mayar da waɗannan garuruwa wurin hutawarsu, har ma sun taɓa canza wa Bukavu suna zuwa Costermansville. Gisenyi tana da rairayi a bakin ruwa da babban otel na Serena, da maɓuɓɓugar ruwan zafi a kusa da ita. Kibuye tana da ƙananan tsibirai da ake kai baƙi a kwale-kwale, cikinsu har da wanda ake kira tsibirin Napoleon, mai dubban jemagu. A shekarar 2011 Ruwanda ta buɗe wata hanya ta masu tafiya a ƙafa da masu keke, mai tsawon kilomita 227, daga Rubavu har Rusizi, tana ratsa ƙauyukan masunta da gonakin kofi da na ganyen shayi. Mutanen yankin kuwa ƙabilu ne daban-daban. A gaɓar gabas Banyarwanda ne masu harshen Kinyarwanda, a gaɓar yamma akwai Bashi a kewayen Bukavu, da Bahavu a Idjwi, da Bahunde da Banande a wajen Goma, kuma harshen Suwahili ne ke haɗa su a kasuwa, kamar yadda Hausa take haɗa Buzu da Bazabarme da Bafillace a kasuwanninmu.

Gaskiya ɗaya ce, Ruwanda ta iya sayar da ƙasarta ga baƙo. Ƙasar da aka yi wa kisan ƙare dangi a 1994, wadda garin Kibuye kansa ya ga kisan dubban ƴan Tutsi a coci da filin ƙwallo da tsaunukan Bisesero, ita ce hukumarta ta bayyana cewa a shekarar 2023 ta samu dalar Amurka miliyan 620 daga yawon buɗe ido. Babban jarin nata shi ne goggon biri na kan dutse da ke gandun dajin Musanze, arewa maso gabas da tabkin. Tun daga 2017, duk baƙon da ya zo daga nesa yana son ya zauna awa ɗaya tak kusa da waɗannan birai sai ya biya dalar Amurka 1,500, wato sama da jikka 800 na kuɗinmu na sefa. Bayan ya ga birai sai ya gangaro bakin tabki ya huta kwana biyu ko uku. Abin da ya kamata mu riƙe a nan shi ne wata doka tasu. Tun 2005 gwamnati take ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin shiga gandun daji domin ƙauyukan da ke kewaye, a 2017 kuma aka ɗaga shi zuwa kashi 10. Da kuɗin ne ake gina azuzuwan makaranta da ɗakunan shan magani da famfunan ruwa. Kashi 10 ba wani abin a zo a gani ba ne, amma a rubuce yake, kuma ɗan ƙauye yana da hujjar tambayar inda ya shiga.

To amma su wa suke ciyar da garuruwan nan a kullum? A nan ne maganar ta shafe ku kai tsaye, iyayenmu mata. Akwai wani ɗan ƙaramin kifi da ake kira sambaza, wanda aka kawo irinsa daga tabkin Tanganika a 1959. Da magariba masunta suna fita cikin kwale-kwale uku-uku da aka ɗaure da dogayen sanduna, suna tuƙi suna waƙa, su kunna fitilu cikin dare kifi ya taso su ja koma. Baƙo yana ɗaukar hotonsu daga barandar otel ya tafi abinsa. Da asuba kuwa mata ne suke tarbar kwale-kwalen da robobi, su saya, su shanya, su soya, su kai kasuwa. Kuɗin makarantar yara da na hayar ɗaki daga robar nan suke fitowa. Shi ya sa idan hukuma ta rufe kamun kifi na wata biyu a shekara domin kifin ya hayayyafa, gidaje da yawa suke shiga matsi, duk da dai kowa ya san rufewar ita ce ke hana kifin ƙarewa, musamman da yake wasu suna satar kamu da gidan sauro, wanda ba ya barin ko ƴaƴan kifi.

Haka abin yake a kan iyaka. Tsakanin Goma da Gisenyi ƙofa biyu ce. Babbar ƙofa ta masu motoci ce da masu fasfo, ƙaramar kuwa, wadda ake kira Petite Barrière, ta masu ƙafa ce. A shekarun da ake zaman lafiya dubun-dubatar mutane ne suke ratsa ta kowace rana da ƴar takardar izinin wuni ɗaya, har ana lissafa ta cikin iyakokin da suka fi cunkoso a Afirka. Mafi yawansu mata ne ɗauke da kabeji da tumatur da madara da ƙwai da nama zuwa Goma, su komo da atamfa da manja. Naƙasassu suna dakon kaya a kekunansu masu ƙafa uku, samarin Goma kuma suna tura wani keken katako da ake ce wa cukudu, wanda yake ɗaukar buhunan dankali da gawayi, har gari ya yi masa mutum-mutumi a tsakiyar shataletale. Wanda ya san Ɗan Isa da Jibiya, ko Ƙonni da Illela, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Kuma matsalarsu irin tamu ce. Wani bincike da Bankin Duniya ya fitar a 2011 kan iyakokin gabashin Kwango ya gano cewa kusan kashi 85 cikin 100 na ƙananan ƴan kasuwar mata ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 sun ce sai sun ba da na goro kafin su wuce, ban da zagi da ƙwace kaya da cin mutunci. Wato matar da jarinta duka bai kai kuɗin kwana ɗaya a otel ba, ita ce ake tatsa, baƙon da ya zo da daloli kuwa ana buɗe masa ƙofa da murmushi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bayan wannan bincike ne, daga 2015, aka fara aikin gyaran iyakokin, ana kafa fitilu, ana gina rumfunan kasuwa kusa da ƙofa, ana liƙa kuɗin fito a bango domin kowa ya san abin da doka ta ce ya biya.

Akwai kuma wani gefen da masu yabon Ruwanda ba su cika faɗa mana ba. Tsabtar garuruwansu gaskiya ce: tun 2008 suka hana ledar roba, kuma ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata jama'a suna fita aikin gayya. Sai dai tsabtar ta zo da korar masu talla daga kan titi. A 2015 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto cewa ana kama masu talla da mabarata a Kigali ana tsare su a wata cibiya da ke unguwar Gikondo ba tare da an kai su gaban alƙali ba, gwamnati kuma ta musanta zargin. Ko ma dai yaya ne, darasin a fili yake. Idan hukuma ta fara ƙawata gari domin idon baƙo, mai tire a ka ita ce ta farko da ake gani a matsayin datti. Wannan ba abin da za mu yarda a kwaikwaya a nan ba ne.

Sai kuma maganar haɗari, domin kyan wurin tafe yake da nasa tsoron. Arewa da Goma kaɗan akwai dutse mai aman wuta da ake kira Nyiragongo, mai tsayin mita 3,470. A watan Janairu na 2002 narkakken dutse ya malalo ya ratsa tsakiyar Goma har cikin tabki, ya cinye gidaje da kantuna, mutane wajen dubu 400 suka gudu, da yawansu zuwa Gisenyi. A watan Mayu na 2021 ya sake yin aman, mutane sama da 30 suka rasu. A ƙarƙashin ruwan tabkin kuma akwai iskar gas mai ɗimbin yawa da nauyin ruwa ya danne, wata mai kama wuta da ake kira metan, wata kuma mai shaƙe numfashi. Maƙwabtanmu na Kamaru sun san sharrin irin wannan iska, domin a watan Agusta na 1986 ta fashe daga tabkin Nyos cikin dare, ta kashe mutum 1,746 da dabbobi wajen 3,500, mafi yawansu na makiyaya. Kivu ya fi Nyos girma nesa ba kusa ba, kuma mutane kusan miliyan 2 ne suke zaune a kewayensa. Ruwanda ta nemi ta mayar da haɗarin riba, inda tashar KivuWatt da ke Kibuye, wadda aka ƙaddamar a 2016, take zuƙo gas ɗin tana samar da wutar lantarki megawat 26. Wannan dabara ce da ta cancanci yabo.

Amma abin da ya fi dutse da gas ɓarna shi ne hannun ɗan Adam. Gaɓar Kwango ba ta gaza ta Ruwanda kyau ba. Tana da gandun dajin Virunga, wanda aka kafa tun 1925, shi ne mafi tsufa a Afirka, tana da na Kahuzi-Biega kusa da Bukavu. Duk da haka rashin tsaro ya hana ta cin moriya. A 2018 aka sace wasu ƴan Ingila biyu a Virunga, aka kashe ma'aikaciyar gandun da ke rakiyarsu, sai aka rufe wurin ga baƙi har farkon 2019. Da ƴan tawayen M23 suka tare hanyar mota tsakanin Goma da Minova, sai ƴan kasuwa suka koma bin ruwa, jirage suka riƙa ɗaukar fiye da ƙima. Ranar 3 ga Oktoba 2024 wani jirgi maƙare da mutane da kayan gona ya kife dab da tashar Kituku a Goma, a gaban idon masu jiran kaya, mutane da dama suka halaka, cikinsu akwai mata ƴan kasuwa masu yawa. A watan Janairu na 2025 M23 ta kama Goma, a Fabrairu ta shiga Bukavu, aka rufe filin jirgin sama da bankuna, kuɗin mutane ya maƙale. Masanan Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce Ruwanda tana mara wa ƴan tawayen baya, ita kuma ta sha musantawa. Baƙo dai idan ya ji ƙarar bindiga sai ya soke tafiya ya nufi wata ƙasa. Mai sambaza ba ta da inda za ta nufa, dole gobe ta sake ɗaukar robarta.

Shin wannan labari baƙo ne a wurinmu? Ko kusa. Mutanen Agadas suna tune da lokacin da jirage suke sauka kai tsaye daga Faransa cike da ƴan yawon buɗe ido, maƙeran azurfa da dukawa da direbobi suna samu, ana kai baƙi har Timiya cikin duwatsun Abzin su ga ruwan da ke zubowa daga dutse da lambunan lemo da rumman. Tawayen 2007 ya tsayar da abin cak. Harin Kure na watan Agusta 2020, inda aka kashe mutum 8 a yankin raƙuman dawa, ya ƙara rufe ƙofa. Amma albasa da dankalin Abzin ba su daina gangarowa kasuwanni ba. Haka nan mun ɗanɗani rufe iyaka, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 lokacin da Najeriya ta rufe tata, sannan bayan juyin mulkin Yuli 2023 da takunkumin CEDEAO, har zuwa farkon 2024. Kowa ya ga yadda farashin shinkafa da magani ya tashi, ya kuma ga yadda kaya suka riƙa lalacewa a kan hanya. Rufe iyaka na wata ɗaya ya fi rashin baƙi na shekara guda zafi a tukunyar talaka.

Wani zai ce mana, ai otel ma yana ɗaukar ma'aikata, yana biyan haraji, kuma ƙasa tana bukatar kuɗin waje. Wannan haka yake, kuma ba mu ƙi a gina otel ba. Abin da muke cewa shi ne a san abin da ya kamata ya zo farko. Otel da ke sayo kajinsa da ruwan shansa daga waje, ya kewaye bakin ruwa da katanga ya hana masunta sauka, ribarsa ba ta taɓa kasuwar gari. Hanya mai kyau kuwa, da rumfa mai inuwa, da iyaka marar tatsa, suna amfanar ɗan gari ko baƙo ya zo ko bai zo ba, kuma idan ya zo su ne dai zai bi.

Muna da namu ruwaye. Ga tabkin Madarumfa kusa da Maraɗi, da kaburburan waliyyai 99 da jama'a suke ziyarta. Ga Tabalak a kan hanyar Tawa zuwa Agadas, da kifinta da lambunanta. Ga Gidimuni a jahar Damagaram. Masu zuwa waɗannan wurare ba daga Turai suke fitowa ba, mu ne da kanmu, da ƴan uwanmu na Katsina da Kano da Sakkwato. Irin wannan baƙo yana cin abincinmu, yana sayen tsarabarmu, kuma labari ɗaya a rediyo ba ya korarsa har abada. Shi ya kamata a fara yi wa tanadi.

Don haka muna kira ga hukumomin garuruwa da na jahohi da su ɗauki matakai tun yanzu. Na farko, duk inda ake karɓar kuɗin shiga a wurin ziyara, a rubuta kason da zai koma ga ƙauyukan da ke kewaye, a kuma riƙa karanta lissafinsa a rediyon gari. Na biyu, kafin a ba wa kowane mai kuɗi fili a bakin tabki, a fara shata mashigar masunta da makiyaya da wurin masu sayar da abinci, a sa hannu a takarda. Na uku, a liƙa kuɗin duwan da na tikitin kasuwa a bango da Hausa, da boko da ajami, a ba da rasit ga duk wanda ya biya, a kuma sa mata cikin ma'aikatan da ke binciken mata. Na huɗu, a riƙa ƙirga fasinjan kwale-kwale a kuma tilasta rigar ruwa, domin mu ma a kogin Kwara mun sha binne mutanen da suka tafi cin kasuwa.

Mu ma ƴan kasuwa akwai namu nauyin. Idan muka bar leda da ruwan wanke-wanke suka cika bakin tabki, mun miƙa wa hukuma hujjar korarmu da hannunmu. Idan muka ga baƙo muka ninka masa farashi sau uku, ya saya yau, amma ba zai dawo ba, kuma zai gaya wa goma. Matar da ta tsaya ita kaɗai a gaban jami'i ba ta da murya, amma ƙungiyar mata ɗari masu rajista da asusun adashi, ko gwamna sai ya saurare su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shugabannin kasuwanni su nemi kujera a duk zaman da za a yi kan raya wuraren ziyara, kada su jira sai an gama rabon filaye sannan su zo da kuka.

Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mutanen Kivu suna da ruwa da tsaunuka da ba mu da irinsu, amma sun nuna mana cewa zaman lafiya da buɗaɗɗiyar hanya su ne jarin farko, kuma wanda ya fi kowa asara idan suka ɓace shi ne mai ƙaramin jari. Allah ya ba su lafiya a ƙasarsu, ya tsare mana tamu, ya sa albarka a kasuwanninmu. Amin.